Nazarin lamari: atuni a jikin yaro ɗan wata 32 daga Rigasa, da aikin da ƙwayoyin garkuwar hanjinsa suka yi

Yaron namiji ne ɗan wata 32, daga wani gidan haya a Rigasa, Kaduna. An kawo shi asibiti a tsakiyar watan Agusta, kwana huɗu da fara ciwo. Gidan ɗaki tara ne, masai ɗaya, da rijiya marar zurfi a tsakar gida wadda ruwa kan kwanta har bakinta idan an yi mamakon sama. An yaye shi yana wata 21. Yana da yaya mace 'yar shekara bakwai, da ƙanwa 'yar wata huɗu da ke kan nono zalla.

Ranar farko zazzaɓi ne da gudawa ruwa-ruwa, sau biyar zuwa shida. A rana ta biyu mahaifiyarsa ta je kemis, aka haɗa mata Flagyl na ruwa da loperamid, maganin tsayar da gudawa, aka ce ta jiƙa masa rabi. Da yamma abin ya yi kamar ya lafa. A rana ta uku sai ya dawo da wata kama: kashi kaɗan-kaɗan da bai fi cikin cokali ba, majina da jirwayen jini, sau goma sha biyar ko fiye, kowane tsugunno da yunƙuri da kuka. Kakarsa ta hana a ba shi komai sai tsararon koko, don a ganinta hanjin hutu yake so. Da asubahin rana ta huɗu ya yi jijjiga ta kamar minti biyu, kuma garin yunƙuri duburarsa ta zazzago. A gida an ce ɗankanoma ne. Jijjigar ce ta sa aka ɗauko shi.

Abin da aka samu a jikinsa

Nauyinsa kilo 10.4, alhali katin awonsa ya nuna 11.3 wata biyu da suka wuce. Zafin jiki digiri 39.4. Tef ɗin awon damtse ya tsaya a santimita 12.1, cikin rawaya, wato tamowa matsakaiciya. Idanu sun ɗan faɗa, yana shan ruwa da zalama, fatar ciki in an tsunkula tana komawa a hankali amma ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Hankalinsa ya dawo sarai, wuyansa bai sanƙare ba. Cikin ya ɗan kumbura, yana jin zafi idan an danna ƙasan hagu.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Sukarin jini 3.1 milimol a lita, dab da faɗuwa. Gishirin sodiyam 128, alhali daidai shi ne 135 zuwa 145. Himogulobin, ma'aunin yawan jini, giram 9.2. Fararen ƙwayoyin jini 19,000 a maikurolita, kashi 78 cikin ɗari irin da ake kira nutrofil, kuma da yawansu ba su gama nuna ba. A yaro mai waɗannan shekaru wani irin fararen ƙwayoyin mai suna limfosait ne ya saba rinjaye, saboda haka wannan adadi yana nuna ɓargo ne ke tura nutrofil cikin gaggawa, har da ɗanyu.

An ɗebi kashin daga inda majina da jini suka fi yawa, kafin a fara magani. A maikuroskof ana ganin ƙwayoyin mugunya fiye da 50 a kowane fili, da jajayen ƙwayoyin jini, babu amiba mai motsi da ta haɗiyi jajayen ƙwayoyi. An shuka samfurin a farantan MacConkey da XLD, inda ake renon bakteriya don a gane ta, cikin awa guda. Wannan saurin wajibi ne, domin bakteriyar da ake nema tana mutuwa da wuri idan kashi ya jima ya yi tsami. In za a wuce awa biyu, sai a sa shi a ruwan ajiya na Cary-Blair. Sau da yawa sakamakon da ke cewa ba a ga komai ba, jinkirin kai kwalba ɗakin gwaji ne ya jawo shi. Bayan kwana biyu da rabi aka tabbatar da Shigella flexneri, wadda ampisilin da Septrin da tetrasaiklin ba sa yi mata komai, amma siprofuloksasin da seftiriyakzon suna kashe ta.

Ƙwayoyin mugunyar da suka cika filin maikuroskof gawarwakin nutrofil ɗin yaron ne. Sanin yadda suka kai can shi ke bayyana kusan duk abin da mahaifiyarsa ta gani.

Daga ƙofar shiga zuwa gyambon hanji

Shigella, wadda likitan Japan Kiyoshi Shiga ya gano a 1897, ba ta bukatar yawa. Ƙwayoyi 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum, inda kwalara sai an haɗiyi dubbai har miliyoyi. Tana jure tsamin ruwan tumbi, shi ya sa hannu da buta da ƙuda sun ishe ta hanya ko da rijiya ba ta gurɓata ba. A ƙaramin hanji wucewa take yi, sai dai tana sakin gubar da ke sa hanji ya zubo da ruwa. Gudawar ranar farko ke nan. Masaukinta babban hanji ne.

Fatar cikin babban hanji layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, sun haɗa kafaɗa sun liƙe da juna, a kansu kuma akwai majina mai hawa biyu. Shigella ba ta da wutsiyar iyo, kuma shiga ta saman waɗannan ƙwayoyi yana yi mata wuya. Sai ta nemi ƙwayoyin da ake kira M. Waɗannan suna zaune ne a kan ƙananan curin ƙwayoyin garkuwa da ke warwatse a bangon hanji, majinar da ke kansu ba kauri, aikinsu kuwa ɗebo samfurin abin da ke yawo cikin hanji su miƙa wa na ƙasa domin jiki ya san abin da ke shigowa. Ta wannan taga Shigella ke faɗawa.

A ƙasa makrofaj ke jira, babbar ƙwaya mai haɗiye baƙi. Bisa al'ada takan rufe abin da ta haɗiya cikin 'yar jaka, ta zuba masa tsami da sinadaran narkarwa. Shigella tana da wata ƙaramar allura a jikinta da take tsira sunadaranta da ita, da su take fasa jakar ta fito cikin ruwan makrofaj. Makrofaj na jin ɓurɓushin allurar sai ta kunna wani sinadari mai suna kaspes-1, ta fashe ta mutu, tana watso saƙonni biyu masu ƙarfi, intalukin-1 da intalukin-18. Ayarin Philippe Sansonetti a Cibiyar Pasteur ta Faris ne ya nuna wannan kisa na makrofaj a 1992. Intalukin-1 ne ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ɗaga ma'aunin zafin jiki, ya kashe sha'awar abinci, ya kuma zaburar da ɓargo. Zazzaɓin 39.4 da ƙin cin abinci da ɗanyun nutrofil a jinin yaron duk daga nan suka taso.

Da ta kuɓuta, Shigella tana ƙarƙashin fatar hanji, inda shiga ke da sauƙi. Ta kutsa cikin ƙwayar fata ta gindi, ta hayayyafa, sannan ta tara zaren sunadarin ƙwayar mai suna aktin a bayanta tana tunkuɗa kanta gaba, kamar yadda mai kwalekwale ke dogara gora a ƙasan kogin Kaduna. Haka take ratsawa daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta ba tare da ta fito fili ba, inda garkuwar da ke yawo a jini za ta same ta. Amma ƙwayoyin fatar ma suna da nasu kunnen. Wani sunadari a cikinsu mai suna NOD1 yana gane gutsattsarin bangon bakteriya, sai su fara fitar da intalukin-8. Har maƙwabtan da ba a shiga ba suna karɓar labari su fitar da nasu. Intalukin-8 kiran nutrofil ne.

Nutrofil ba su da tsawon rai, awoyi ne zuwa 'yan kwanaki, kuma suna zuwa da yawa. Suna manne wa bangon ƙananan jijiyoyin jini, su matse su fita, su bi ƙanshin kiran har su ratsa tsakanin ƙwayoyin fatar hanji zuwa cikin hanjin kansa. A nan ɓarnar take. Ratsawar tasu tana ɓalle liƙin da ke tsakanin ƙwayoyin, ta buɗe wa sauran Shigella hanyar da a da ba su da ita. Sinadaran da suke fesawa ba sa tantance baƙo da ɗan gida, sai fatar ta saɓule, a sami ƙananan gyambuna masu tsattsafo da jini. Ƙwayoyin da ke yin majina su juye duk abin da ke cikinsu. Ƙarshen hanji ya kumbura har yaro ya riƙa jin kamar akwai kashi alhali babu, ya yi ta yunƙuri. A yaron da tamowa ta cinye kitse da naman da ke riƙe da dubura, wannan yunƙurin ya isa ya zazzago da ita. Ta gyambunan nan kuma sunadarin jini ke tsiyaya zuwa cikin kashi kullum, wanda shi ya sa atuni ke ramar da yaro fiye da gudawar ruwa.

Duk da haka, nutrofil ƙwaya ce da Shigella ba ta iya kufce wa. Tana da wani sinadari mai suna elastes da ke yayyanka sunadaran da bakteriyar ke fasa jaka da su, sai ta maƙale a ciki a kashe ta. A 2004 masu bincike a Balin ta Jamus suka nuna cewa nutrofil kan kuma warware zaren gadonta, wato DNA, ta watsa shi kamar koma, ya kama bakteriya a waje, kuma Shigella flexneri na cikin waɗanda suka gwada da su. Gwajin da ya fi fito da maganar fili an yi shi ne a hanjin zomaye a 1999. Da aka toshe intalukin-8, nutrofil suka ragu, fatar hanji ta tsira daga lalacewa, amma bakteriyar ta fi samun hanyar tsallakawa zuwa cikin jini. Ashe jinin da uwa ke gani a kashi shi ne kuɗin da jiki ke biya don ya tsare cutar a bangon hanji.

Wannan yana da amfani a gaban gadon marar lafiya. Shigella ba ta cika shiga jini ba sai a yaro mai tamowa mai tsanani, ko jariri, ko mai ƙanjamau, wato waɗanda rundunar nutrofil ɗinsu ta yi rauni. Irin waɗannan yara kan zo da jiki ba zafi, wani lokaci ma da sanyi, fararen ƙwayoyin jini ba su tashi ba. Ma'aikacin lafiyar da ya ga ramammen yaro da atuni babu zazzaɓi, kada hankalinsa ya kwanta. Wannan ya fi mai 39.4 hatsari.

Akwai wasu ƙwayoyi a bayan fage. Intalukin-18 yana tayar da ƙwayoyin garkuwar da ake kira NK da wasu da ake kira T, su fitar da intaferon-gama, wanda ke sa sababbin makrofaj da ƙwayoyin fata su fi ƙarfin bakteriyar da ta shige su. Wasu kuma, irin su Th17 da ILC3, suna fitar da intalukin-17 da 22, masu sa fatar hanji ta yi saurin tofowa ta kuma ƙera nata magungunan kashe bakteriya. Shigella ma ba ta zauna ba. An gani a hanjin marasa lafiya a Bangaladash cewa tana rage ɗaya daga cikin waɗannan magunguna na jiki mai suna LL-37. Tana kuma hana ƙwayoyin T tafiya yadda ya kamata, tana kashe wasu ƙwayoyin B masu ƙera garkuwa.

Wannan hoton ya sha bamban da na kwalara, wadda ke zama a saman fatar ƙaramin hanji tana sakin guba ba tare da ta shiga ba. Kashinta kamar ruwan wankin shinkafa, mugunya kusan babu. Amiba kuwa tana narkar da nutrofil ɗin da suka tunkare ta, shi ya sa a atuninta akan ga jini da yawa mugunya kaɗan. Kamfilobakta da Salmonella su ma suna kawo mugunya, don haka maikuroskof kaɗai ba ya kama sunan mai laifi. Amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce duk yaron da ke gudawa da jini a yi masa maganin Shigella ba tare da jiran shuka ba. Babban binciken GEMS da aka wallafa a 2013, wanda aka yi a wurare bakwai na Afirka da Asiya har da Mali da Gambiya, ya sami Shigella a kan gaba cikin masu kawo gudawa mai tsanani ga yara 'yan shekara biyu zuwa biyar.

Inda aka kuskure kafin asibiti

Flagyl ba ya taɓa Shigella ko kaɗan. Maganin amiba ne da jiyadiya da bakteriyar da ba ta son iska, kuma atunin amiba ba kasafai yake kama ƙananan yara ba. Abin da ya yi a nan shi ne cinye kwana biyu, ya ƙara wa yaro tashin zuciya da ɗacin baki, ya kuma taɓa bakteriyar kirki da ke zaune a babban hanji. Ɗabi'ar ba da Flagyl ga kowace gudawa ta yi katutu a unguwanninmu, kuma wani ɓangare na laifin yana ga takardun gwajin da ke rubuta an ga ƙwan amiba, alhali a maikuroskof ba a iya bambance ƙwan mai cutarwa da na 'yar'uwarta marar cutarwa.

Loperamid ya fi muni. Yana kwantar da motsin hanji ne kawai, sai bakteriya da gubarta da mugunya su taru su daɗe a kan fatar da ta riga ta ji rauni. Tun 1973 aka nuna a Amurka cewa maganin tsayar da hanji yana tsawaita zazzaɓin masu Shigella. A ƙaramin yaro yana iya kai hanji ga tsayawa cik ya buɗe kamar balan-balan, har ya fashe. Kumburin cikin wannan yaro shi ya sa aka riƙa auna kewayen cikinsa da tef duk awa shida ana sauraren motsin hanji. Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma babu halin da ya halatta ba yaro wannan magani.

Na uku shi ne hana abinci. Kakar ta yi ne don ƙauna, amma lissafin jiki ya saɓa da nata. Fatar hanji tana sabunta kanta duk kwana uku zuwa biyar, ɓargo na ƙera nutrofil ba dare ba rana, zazzaɓi na ƙone abin da aka tara, sunadari na zuba ta gyambo. Tsararon koko ba gishiri ba sunadari, ga shi ruwa ne zalla a kan jikin da kumburi ya riga ya sa yake riƙe ruwa. Haka sodiyam ya sauka zuwa 128, sukari ya kusa faɗuwa. Zafin jiki da ƙarancin gishiri da ƙarancin sukari, kowanne shi kaɗai yana iya kawo jijjiga, a nan kuwa sun haɗu.

Abin da aka yi masa

An kwantar da shi saboda jijjigar da kumburin ciki da tamowa. Nan take aka ba shi mililita 50 na ruwan sukari, cokalin shayi ɗaya mai tozo a cikin babban cokali uku da rabi na ruwa, aka bi da kunun gyada. Ruwan ORS an lissafa shi a kan mililita 75 ga kowane kilo, wato 780 cikin awa huɗu, da kofi da cokali, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Ƙunshin da aka yi amfani da shi na lita ɗaya ne, daidai da ledar ruwa biyu ta santilita 50. A duba jikin ƙunshi kullum, don akwai na rabin lita, kuma abin da aka haɗa ba ya wuce awa 24. Bayan awa huɗun sai mililita 100 zuwa 200 bayan kowane kashi. Nauyinsa ya koma 10.9.

Maganin bakteriya siprofuloksasin ne, miligiram 15 ga kowane kilo, wato kimanin 150 sau biyu a rana, kwana uku. An zaɓi na baki don yana sha ba ya amayarwa. Da ya galabaita ko cikin ya ƙara tashi, da allurar seftiriyakzon za a koma. Tsoron da wasu ke yi cewa siprofuloksasin na lalata gaɓoɓin yara bai hana Hukumar Lafiya ta Duniya sa shi a sahun farko ba, domin kwana uku ne kawai. Amfaninsa ga hanji a bayyane yake: da bakteriya ta ragu, kiran intalukin-8 ya yi ƙasa, nutrofil su daina kwarara, fata ta sami sarari ta warke.

Zink miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Yana taimakon tofowar fatar hanji da aikin ƙwayoyin T, yana kuma rage dawowar gudawa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Ga wani wurin da ake yawan tuntuɓe: zink yana kama siprofuloksasin a cikin hanji ya hana shi shiga jini, haka ma maganin ƙarin jini mai ƙarfe, da maganin gyambon ciki, da madara ko yogot in da su kaɗai aka kora. A ba da siprofuloksasin aƙalla awa biyu kafin zink, ko awa shida bayansa. A nan an tsara siprofuloksasin ƙarfe shida na safe da shida na yamma, zink ƙarfe goma na safe. Yaron da aka haɗa masa su a cokali ɗaya zai iya zama kamar maganin ya ƙi ci, a ɗora wa bakteriya laifin taurin kai.

Farasitamol miligiram 150 don zazzaɓi. An guji ibufurofen da diklofenak, saboda ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci da hanjin da ke zubar da jini. Duburar an mayar da ita a hankali da safar hannu da tsumma mai ɗumi, aka koya wa mahaifiyar yadda za ta yi in ta sake fitowa. An yi wa kakar bayani cikin ladabi, ana ce mata Inna, cewa ba a ƙona wurin, ba a tsaga, ba a cusa garin magani, kuma da yunƙurin ya tsaya abin zai daina da kansa. Ita aka damƙa wa aikin ciyarwa: kaɗan-kaɗan sau shida a rana, kunun gyada, faten wake da manja, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai laushi da miyar kuka da kifi.

Awa 48 ita ce ma'auni. Ana duba abu huɗu: zazzaɓi ya sauka, jini ya ragu, yawan tsugunno ya ragu, yaro ya fara neman abinci. Tambayar a yi ta kai tsaye, a ce, Maman yaro, jinin ya kai na jiya ko ya ragu, sau nawa ya tsuguna tun asuba? In ba a ga sauƙi ba, a canza magani. A wannan yaro zafin ya koma 37.6, kashi sau shida, jini sai ɗan jirwaye, ciki ya saki. An kuma sa ido a kan fitsarinsa da hasken idonsa, domin Shigella dysenteriae nau'i na ɗaya tana da gubar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini ta tsayar da ƙoda, sau da yawa a daidai lokacin da gudawar ke lafawa. Da shuka ta nuna flexneri wannan fargaba ta ragu sosai. An sallame shi a rana ta bakwai da fara ciwo.

Yara uku, gida ɗaya

A kwanakin da nutrofil ke ɗauki-ba-daɗi, wani aiki mai natsuwa yana gudana. Ƙwayoyin dendiritik, masu dogayen yatsu, suna ɗaukar gutsattsarin Shigella zuwa curin kaluluwar da ke jikin hanji, su nuna wa ƙwayoyin T da B. Ƙwayoyin B da suka dace su hayayyafa, su shiga jini, yawansu ya kai ƙololuwa wajen kwana bakwai, sannan su koma bangon hanji su zauna suna ƙera garkuwar IgA. Ita wannan ana tura ta cikin majina, ta lulluɓe bakteriya tun kafin ta kai tagar M, ba kumburi ba jini. Matsalar ita ce IgA ɗin tana gane rigar sukarin da ke bayan bakteriyar ne, kuma Shigella tana da irin wannan riga sama da 40. Kariyar da yaron ya samu ta nau'in da ya kama shi ce. Wani nau'in zai iya kwantar da shi a damina mai zuwa. Wannan na cikin dalilan da har yanzu babu allurar rigakafin Shigella da aka amince da ita. Rigakafin gudawar rota da Nijeriya ta sa cikin na yara a 2022 yana da matuƙar amfani, amma na wata cuta ce daban.

Yayarsa ta yi gudawar ruwa kwana biyu a makon, ba jini ba zazzaɓi, ORS da zink suka ishe ta. Ba a shuka kashinta ba, amma yadda abin ya zo mata da sauƙi ya dace da hanjin da ya taɓa haɗuwa da irin wannan riga. Jaririyar ba ta yi komai ba. Ƙwayoyin B da suka koyi darasi a hanjin uwa suna ƙaura zuwa mama su zuba IgA cikin nono, saboda haka nonon uwar da ke zaune a gidan yana ɗauke da garkuwar cututtukan gidan. Ga shi kuma ba a ba ta ruwan rijiya ko kaɗan. Shi yaron yana tsakiya: ya bar nono wata goma sha ɗaya da suka wuce, nasa hanjin bai gama koyo ba, yana wasa a ƙasa, yana cin abinci da hannu.

Wanda ba a yi wa magani ba yana iya zubar da Shigella a kashi har mako huɗu, magani kuwa yana taƙaita wannan zuwa 'yan kwanaki. An shawarci gidan da a riƙa juye fo cikin masai nan take a wanke da sabulu, a rufe bakin masai, a ajiye sabulu kusa da buta, mai wanke wa yaro kashi ta wanke hannu kafin ta taɓa abinci ko jaririya, ruwan sha a tafasa ko a sa masa kulorin a jira minti 30. An gaya wa mahaifiyar ta dawo ba tare da jiran ranar alƙawari ba in fitsari ya ragu, ko ido ya yi fari, ko fuska ta kumbura, ko jini ya dawo.

Ta kawo shi bayan mako biyu. Kashi sau ɗaya zuwa biyu a rana, dubura ba ta sake fitowa ba tun kwana uku da sallama. Nauyi kilo 11.1, damtse 12.3, himogulobin 9.6. An fara masa maganin ƙarin jini a ranar, tunda zazzaɓi da gudawa sun wuce, aka sa shi cikin shirin kula da tamowa, da ƙarin abinci sau ɗaya kullum har ya wuce nauyin da ke kan katinsa.